UFL a gidan kallon Legas: hajar ta yi kyau, amma wa zai ci gaba da biyan kuɗinta?

Daga daren da aka buga wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu har zuwa farkon Satumba, NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba ta buga wasa ko ɗaya da ke shiga lissafi. Kusan wata bakwai ke nan Amurkawa na zaune babu ƙwallon da suka fi so, irin wadda ake runguma a ruga da ita ana bangazar juna. Wannan giɓin ne masu kuɗi suka shafe sama da shekara 40 suna ƙoƙarin cikewa da gasannin da ake bugawa daga Maris zuwa Yuni, lokacin da mu muke kira bazara. Wadda ke numfashi a yanzu ita ce UFL, wato United Football League. A Legas ma an fara samun masu tambayarta, musamman samarin da suka saba da NFL ta tashar ESPN, da masu gidajen kallo a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da ke neman abin rubutawa a allo idan Firimiya ta tafi hutu. Don haka ya kamata a auna ta yadda ake auna haja a kasuwa: me ke cikin kwalin, ina ta yi kyau, ina ta yi rauni, kuma mai shagon zai kai baɗi ko zai ja ƙofa ya rufe.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Ƙungiyoyi 8 ne, mako 10 na wasannin zagaye, wasa 4 kowane mako, sai wasannin kusa da na ƙarshe guda 2 da na ƙarshe, jimla 43. An haifi gasar ne daga haɗewar wasu gasannin bazara biyu, XFL da USFL, waɗanda kowacce ke da ƙungiyoyi 8, aka sanar a ranar ƙarshe ta 2023, aka buga wasan farko ranar 30 ga Maris 2024. Wato ranar da aka ɗaura auren nan rabin ƙungiyoyin suka mutu, rabin 'yan wasan suka rasa aiki. Birmingham Stallions ce ta ɗauki kofin 2024 bayan ta lallasa San Antonio Brahmas da ci 25 da nema, DC Defenders kuma ta ɗauki na 2025 da ci 58 da 34 a kan Michigan Panthers. Duk ƙungiyoyin mallakar kamfani ɗaya ne. Gidan talabijin na Fox Sports na da rabi, sauran na hannun RedBird Capital da Dwayne Johnson da Dany Garcia, sai attajiri Mike Repole da ya shigo a 2025.

Wanda bai saba da wasan ba, jimla biyu sun ishe shi ya zauna a benci. Mutum 11 ne kowane ɓangare, masu riƙe da ƙwallo na da dama 4 su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu damar, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ƙwallo gidan ƙarshe maki 6 ne, buga ta tsakanin sanduna maki 3.

Inda UFL ta burge shi ne dokokinta, kuma a nan ta cancanci yabo ba tare da jan numfashi ba. A kakannin 2024 da 2025, bayan an ci maki 6 ba a yin bugun nan na ƙarin maki 1 irin na NFL da kowa ya san zai shiga. Koci ne ke zaɓa: a gwada daga yadi 2 a samu maki 1, daga yadi 5 a samu 2, ko daga yadi 10 a samu 3. Ma'anarsa tazarar maki 9 ba ta wuce hari ɗaya ba, kuma wasan da a NFL da tuni mutane sun fara neman takalmansu, a nan yana nan da rai. Ƙungiyar da ke baya a zangon ƙarshe tana iya ƙin mayar da ƙwallo bayan ta ci, ta karɓi dama ɗaya tak ta cin yadi 12 daga yadi na 28 na gidanta. In ta ci ta ci gaba da hari, in ta faɗi ta miƙa wa abokan hamayya ƙwallo a bakin ƙofarta. Idan an tashi kunnen doki, sai a yi abin da ya yi kama da bugun fenariti: kowane ɓangare na gwadawa sau 3 daga yadi 5, ana karɓa-karɓa. Ɗan kallon Firimiya ba ya bukatar tafinta a wannan wurin.

Abu na biyu shi ne alƙalanci a fili. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ana jiran VAR minti huɗu, rafali ya dafe kunne, jama'a na zage-zage ba wanda ya san me ake dubawa, zai gane darajar abin da UFL ke yi. Mike Pereira da Dean Blandino, waɗanda dukkansu sun taɓa shugabantar alƙalan NFL, suna zaune a ɗakin bita, ana nuna su, ana jin muryarsu suna cewa a dawo da hoton baya, a tsayar a nan, ga gwiwa ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo ta kuɓuce. Ana kuma jin koci yana faɗa wa mai jefawa salon da za a buga ta na'urar da ke cikin hularsa. Ga mai koyon wasan, wannan ya fi darasin awa goma. NFL kanta ta sha ɗaukar darasi daga waɗannan ƙananan gasanni. Kyamarar da ke yawo a kan igiya saman 'yan wasa, XFL ta 2001 ce ta sa ta shahara. Salon bugun buɗe wasa da NFL ta koma yi a 2024, inda ake jera ɓangarorin biyu kusa da juna don rage mummunan karo, daga XFL ta 2020 aka samo shi.

Masu bugu su ne mafi ingancin kayan da gasar ke fitarwa, kuma labarinsu zai yi wa mutanenmu daɗi domin 'yan tamaula ne. A ranar buɗe gasar a 2024, a filin Ford da ke Detroit, saura daƙiƙoƙi a tashi Michigan na baya da maki 1 a hannun St. Louis. Aka turo Jake Bates, wanda ya yi ƙwallon ƙafa irin tamu a jami'a kuma rabonsa da buga irin wannan bugu a wasa tun yana sakandare. Nisan yadi 64 ne, kusan mita 58, wato ya ɗara daga tsakiyar filin tamaula zuwa raga. Ya buga ta shiga, amma kocin St. Louis ya riga ya nemi a dakata, aka soke. Ya sake ja da baya taku uku, ya goce gefe taku biyu, ya sake bugawa, ta sake shiga. Aka tashi 18 da 16. Kafin kaka ta zagayo Detroit Lions ta NFL ta ɗauke shi. Brandon Aubrey ma haka: ɗan baya ne da Toronto FC ta zaɓa a 2017, ya bar tamaula ya koma aikin rubuta manhajar kwamfuta, ya yi wa Birmingham bugu a 2022 da 2023, sannan Dallas Cowboys ta ɗauke shi ya zura bugu 35 a jere ba kuskure a kakarsa ta farko.

Raunin hajar a tsakiyar fili yake, a wurare biyu: mai jefawa, da ƙartin nan biyar da ke tare masa gaba. Dalilin lissafi ne. NFL na da ƙungiyoyi 32, kuma a lokacin bazara kowacce na da damar riƙe mutum 90, wato 'yan wasa 2,880 sun riga sun shiga hannu kafin UFL ta miƙa nata. Ko bayan an tace, kowace ƙungiya na riƙe 53 da wasu 16 na atisaye, kuma ɗan atisayen nan a 2024 yana karɓar aƙalla dala 12,500 a mako, fiye da ninki biyu na dala 5,500 da ɗan UFL ke karɓa a waccan shekarar. Mai gudu da mai cafewa suna da yawa a Amurka kamar 'yan gaba a unguwannin Kano. Amma mutum mai nauyin kilo 140 da ke da saurin ƙafa, da mai jefawar da zai karanta tsaron abokan hamayya cikin daƙiƙa biyu da rabi, ko NFL ba ta samun isassu. Ga kuma jami'o'i da tun 2021 aka halatta wa 'yan wasansu samun kuɗi da sunansu, har a 2025 aka ba makarantu damar raba musu kusan dala miliyan 20.5 a shekara. Yaron da a da zai fito neman abinci, yanzu yana zamansa a jami'a.

Abin da wannan ke haifarwa a kan allo shi ne, makonni biyu ko uku na farko wasan na da ƙyuya. Sansanin horo bai fi 'yan makonni ba, masu tarewa ba su san takun juna ba, ana ta kayar da mai jefawa, alƙalai na ta jefa tutar laifi, maki ba ya taruwa. Daga mako na biyar abin ke daidaita. Matsalar ita ce makon farko ne mutane suka fi leƙowa don gwaji, sai su tarar da tuwon bai nuna ba, su tafi ba su dawo ba. Mai gidan kallon da ke son gabatar da gasar ga jama'arsa, kada ya fara da makon farko.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ainihin ciwon kan Legas. Daga tsakiyar Maris, agogon gabashin Amurka yana bayanmu da awa 5, na Teksas da St. Louis da awa 6, kuma jadawalin da ake wallafawa kusan kullum da agogon gabas ne. A 2025 Fox ta ware daren Juma'a, ƙarfe 8 nasu, wato ƙarfe 1 na daren da zai waye Asabar a nan. Wasan na cin kusan awa 3 duk da cewa minti 60 ne a agogo, saboda haka sai wajen ƙarfe 4 za a tashi, saura kaɗan a kira assalatu. Mai sayar da tumatir a Mile 12 da zai tari mota da asuba, ko ɗan acaɓa da zai fita da sassafe, ba zai zauna ba. Wasan ƙarfe 12 na ranarsu shi ne ƙarfe 5 na yammarmu, kuma nan ma akwai ƙura. Daga ƙarshen Maris agogon Ingila da namu ɗaya ne, babban wasan Firimiya na Lahadi ana take shi 4:30, na Asabar 5:30. Ba mai hankalin da zai sauke Arsenal ko Manchester United daga babban allo saboda Birmingham Stallions.

A hango gidan kallo a Agege ranar Lahadi da yamma: rumfar kwano, benci goma sha biyu, fanka biyu na juyawa, janareta na ruri a bayan katanga, yaron maigida na tsaye a ƙofa da canji a hannu, an rubuta wasannin yini da alli a jikin allo. Talabijin biyu ne a gaba. Babban na Firimiya ne, ƙaramin na gefe shi ne ake sa wa Laliga ko Siriya A ba murya. A wannan ƙaramin ne UFL za ta iya samun wuri, kuma a nan ne kyawunta ke zubewa, domin rabin daɗinta a murya yake, a jin alƙalai da koci. Ba murya, abin da mutum zai gani kawai shi ne ƙarti sun taru sun faɗi sun tashi, an tafi talla. Dole wani dattijo a bencin baya ya ce, "Maigida, wai wannan kokawa ce ko ƙwallo? Don Allah mayar mana da Madrid." Kuma yana da gaskiya, da kuɗinsa ya shigo.

Tagar da ta rage ita ce wasan ƙarfe 3 ko 4 na yammarsu, wanda ke faɗowa 8 ko 9 na darenmu, bayan an idar da isha'i kuma Firimiya ta tashi, da kuma makonnin ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni lokacin da Turai ta rufe kaka. Nan ne wasannin suka fi inganci, nan ne kuma allo ke zama fayau. Sai dai a shekarar gasar cin kofin duniya tagar na ƙanƙancewa, domin ta 2026 an tsara fara ta ranar 11 ga Yuni, a Amurkar kanta da Kanada da Meziko. Kuma wannan lokacin shi ne tsakiyar damina a Legas. Hadari mai nauyi na yanke hoton tauraron ɗan'adam, musamman in farantin ƙarami ne ko ya ɗan goce, ko ruwa ya shiga mahaɗin waya. Kafin Afrilu a sa mai gyara ya daidaita farantin, ya duba ƙarfin sigina a dikoda, ya naɗe mahaɗin da tef mai hana ruwa. A Amurka Fox da FS1 da ABC da ESPN ne ke raba wasannin, saboda haka samun ESPN a dikoda ba ya nufin duk wasa zai fito, sai an duba jadawalin tashar kowane mako kafin a rubuta a allo. Wanda zai kalla ta intanet ya ware kimanin gig 3 zuwa 4 da rabi ga wasa ɗaya a matsakaicin hoto, in ya ɗaga zuwa mafi tsabta ya ninka. Janaretan da ke ɗauke da talabijin biyu da fankoki zai sha wajen lita 3 kafin a tashi. Taƙaitattun wasannin da ake sakawa a YouTube, na minti goma zuwa sha biyar, sun fi dacewa da wanda ke son gwadawa tukuna.

To, mai shagon zai kai baɗi? Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma dangin wannan yaro kaf ba wanda ya yi tsawon rai. USFL ta asali ta fara a 1983 da ƙungiyoyi 12, ta yi tsalle zuwa 18 a shekara ta biyu, ta shiga gasar sayen taurari da NFL: Herschel Walker, Jim Kelly, Reggie White, da Steve Young da aka rubuta wa kwantiragin dala miliyan 40. Jama'a na zuwa kallo, amma albashi ya fi kuɗin shiga gudu. Sai wasu masu ƙungiyoyi, Donald Trump na New Jersey Generals a gaba, suka matsa a bar bazara a koma buga wasa lokaci ɗaya da NFL, aka kuma kai NFL kotu ana neman diyyar sama da dala biliyan 1. A 1986 masu taya alƙali hukunci suka ce lalle NFL ta yi babakere, amma diyyar dala 1 ce, doka ta ninka ta zuwa dala 3. Gasar ba ta sake buga wasa ba. NFL da kanta ta gwada a Turai daga 1991, ta fitar da irin su Kurt Warner, amma ta gaji da asara ta rufe a 2007. XFL ta mai kamfanin kokawa Vince McMahon da gidan talabijin na NBC ta yi kaka ɗaya a 2001, kowannensu ya tafka asarar kusan dala miliyan 35.

Wadda ta fi ban tausayi ita ce gasar AAF (Alliance of American Football) ta 2019, kuma ita ce ta fi koyar da darasi game da inda kuɗi ke zurarewa. Charlie Ebersol da Bill Polian ne suka kafa ta, wasanta na da kyau, amma tun mako na biyu kuɗin albashi ya yi ƙamfa domin babban mai zuba jarin bai kawo abin da ya yi alkawari ba. Attajiri Tom Dundon ya shigo da alkawarin dala miliyan 250, ya kashe kimanin miliyan 70, ranar 2 ga Afrilu ya dakatar da komai bayan mako 8 cikin 10. Aka bar 'yan wasa da kuɗin otal a wuyansu, kowa ya nemi na motar komawa gida. Hatta inshorar rauni ta zame mata ƙaya: ƙungiyar Orlando sai da ta riƙa tsallakawa jihar Jojiya yin atisaye domin dokar diyyar rauni ta jiharta Fulorida ba ta haɗa da ƙwararrun 'yan wasa ba. XFL ta dawo a 2020 da shiri mai kyau, korona ta tsayar da ita a mako na 5, ta karye, su Dwayne Johnson suka saye ta a kan dala miliyan 15. Da suka buga kakar 2023, mujallar Forbes ta ruwaito sun yi asarar kusan miliyan 60.

A ɗan yi lissafin bayan takarda. 'Yan wasa 50 sau ƙungiyoyi 8 sau dala 55,000 na kakar 2024 ya kama miliyan 22, albashin 'yan wasa kaɗai, kafin kociyoyi da likitoci da inshora da hayar filaye da jirage. A 2025 ma, bayan doguwar taƙaddama da ƙungiyar 'yan wasa kan albashi da inshorar lafiya, an ɗaga mafi ƙarancin albashin zuwa sama da dala 62,000. A ɓangaren shiga, matsakaicin 'yan kallo a fili tsakanin dubu 12 ne da 13. Wasa 40 ya ba da tikiti kusan dubu 500. Ko an ƙaddara kowane tikiti dala 30 ne, miliyan 15 ke nan, bai biya albashin ba. Matsakaicin ma St. Louis ce ke ɗaga shi, birnin da ƙungiyar Rams ta NFL ta gudu ta bari a 2016, wanda ya zuba mutum 40,317 a wasansa na farko a gida a 2024. Memphis kuwa a 2025 da ƙyar take tara dubu 4. Talabijin ne ke riƙe da rumfar, kuma a can masu kallo sun sauko daga sama da dubu 800 kowane wasa a 2024 zuwa kusan dubu 650 a 2025. Wasan NFL na yau da kullum yana jan sama da miliyan 17, kuma yarjejeniyarta da gidajen talabijin ta 2021 ta kai kusan dala biliyan 110 na shekara 11. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Akwai wata ƙofar kuɗi da mu muka sani amma su ba su da ita, kuma a ganina ita ce babbar ɓaraka. Ƙaramin kulob a tamaula yana rayuwa ne da sayar da 'yan wasa. Makarantar horar da yara a Legas ko Kaduna in ta fitar da yaro ɗaya ya tafi Beljiyam, kuɗinsa na riƙe ta shekaru, har da kason da za ta samu in an sake sayar da shi. Ƙwallon Amurka ba ta da wannan tsari. Bates da Aubrey da KaVontae Turpin, gwarzon USFL na 2022 da ya koma Dallas, duk sun tafi ne da ƙarewar kaka ba tare da an sayi kowa ba. Gasar ta yi noma, NFL ta girbe. Kuma duk tauraron da jama'a suka fara haddace sunansa, shi ne ba za su gani baɗi ba. Wanda ke dawowa kowace shekara irin Luis Perez, da ya yi AAF da XFL da USFL da UFL, yana dawowa ne domin NFL ba ta riƙe shi ba.

Duk da haka UFL ta bambanta da magabatanta a abu ɗaya mai nauyi. Mai ita shi ne mai nuna ta. AAF roƙon lokaci take a gidajen talabijin, ita kuwa Fox tana da rabin gasar kuma tana da awannin bazara da dole ta cike da wani abu. Tambayarta ba wai ko gasar ta ci riba a ƙofar fili ba ce, tambayarta ita ce ko wasan da zai jawo mutum dubu 600 zuwa 800 kai tsaye ya fi mata arha a kan sayen wani shirin. An kuma ɗaure bakin jaka: tun da kamfani ɗaya ke da kowace ƙungiya, ba mai tayar da farashin ɗan wasa a kan ɗan'uwansa kamar yadda aka yi a 1984. Duk ƙungiyoyin a yankin Arlington ta Teksas suke zaune suna atisaye, sai ranar wasa ta matso a ɗebe su a jirgi zuwa garin da sunansu yake. USFL ta 2022 ma ta fi haka matse hannu, duk wasannin zagayenta a Birmingham aka buga, har ta kai idan ba 'yan gida ke wasa ba kujeru ne kawai ke kallo.

Wannan tsimin shi ke raya gasar, shi ne kuma ke hana ta yin saiwa. Dalilin da ya sa filin Sani Abacha ke cika idan Kano Pillars na wasa ba wai don ta fi Barcelona iya taka leda ba ne. Tun 1990 take garin, 'yan wasanta na cin abinci a garin, uba ya kai ɗansa, ɗan ya girma ya kai nasa. Ƙungiyar da ke sauka daga jirgi ranar Juma'a ta koma ranar Lahadi baƙuwa ce ko da sunan garin na rubuce a ƙirjinta. Bayan shigowar Repole, wanda ya yi arzikinsa da lemunan Vitaminwater da BodyArmor, a Oktoban 2025 aka tashi ƙungiyoyin Michigan da Memphis da San Antonio aka kafa Columbus Aviators da Louisville Kings da Orlando Storm, aka kuma karkata zuwa ƙananan filayen tamaula irin Audi Field na Washington DC mai cin mutum dubu 20. Hikimar a bayyane take: mutum dubu 12 a filin dubu 60 makoki ne a talabijin, a filin dubu 15 kuwa biki ne. Matakin daidai ne ta fuskar kasuwanci. Amma mutanen Michigan da suka raka ƙungiyarsu har wasan ƙarshe a watan Yuni, wata huɗu bayan nan aka ce musu babu ita, kuma magoya bayan sauran garuruwa sun gani.

Hukuncina shi ne gasar bazara na iya rayuwa, amma a matsayin ƙaramar haja mai arha da gidan talabijin ke riƙewa don amfanin kansa, kamar yadda gwamnatocin jihohi ke riƙe yawancin kulob ɗinmu. Ranar da Fox ta sami abin da ya fi arha, ko masu kallo suka ƙara zamewa kamar yadda suka yi a 2025, ba kuɗin tikiti ko na sayar da ɗan wasa da zai tare faɗuwar. Abin da zai canza wannan shi ne NFL ta yarda ta riƙa ba da aron masu jefawa da masu tarewa na benci, ta kuma sa kuɗi, abin da AAF ta mutu tana nema ba ta samu ba.

Sha'awar wasan a Legas kuwa ba ta rataya a wuyan UFL ba. NFL ta yi sansanin zaƙulo matasa a nan a Yunin 2024, Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL ɗan asalin Najeriya, ya daɗe yana fitar da yaranmu zuwa can, ƙungiyar Cleveland Browns ta NFL ta karɓi izinin tallata kanta a Najeriya, kuma nau'in wasan da ake fizge ƙyalle a maimakon kayar da mutum zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Masu tambaya za su ƙaru. Amma Alhajin da ke da gidan kallo kada ya sayi sabon dikoda ko ya ƙara kuɗin rajista saboda UFL kaɗai. In abin da yake biya ya riga ya ƙunshi tashar, ya zaɓi wasa ɗaya a mako daga mako na biyar zuwa sama, wanda ke farawa 8 ko 9 na dare, ya fi kyau na St. Louis ko DC a gida domin a nan ne fili ke da hayaniya. Ya sa shi a babban allo da murya, ya samo yaro ɗaya da ya san dokokin ya zauna a gaba yana bayani, ya rage kuɗin shiga zuwa rabin na Firimiya, ya ƙirga kawuna mako uku a jere. In kuɗin ƙofa bai biya lita 3 na mai ba, ya goge shi daga allo.